Kyanwar Shirodinga Ba Ta Taɓa Shiga Akwati Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi gyara a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a wayoyin jama'a, wadda a makon jiya ta biyo ni har cikin aji. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma na shafe shekaru ina koyar da 'yan aji biyar da na shida. Ranar Talata, ina cikin goge allo bayan an kaɗa ƙararrawa, sai wata ɗaliba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce yayanta ya nuna mata wani bidiyo a WhatsApp, inda wani yake bayani da Hausa cewa Turawa sun kulle kyanwa a cikin akwati tare da guba, sun kuma tabbatar da cewa tana raye kuma ta mutu a lokaci guda. Tausayin dabbar ne ya fi damunta. Ta ce, "Malam, su ba su san hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ne?" Na yi dariya, na ce ta kwantar da hankalinta, domin babu kyanwar da aka taɓa ko gashinta. Amma da na nemi bidiyon na kalla bayan sallar isha'i, sai dariyar ta ɗauke, saboda mai bayanin bai tsaya a kan kyanwa ba, har ya kai ga cewa kimiyya ta gano tunanin mutum ne yake samar da abin da idonsa ke gani, kuma jama'a da dama suna ta yi masa sambarka.

Mutumin da ake jingina wa kyanwar, Erwin Schrödinger, wanda ɗalibaina suka sauƙaƙa wa kansu suna kiransa Shirodinga, kuma ni ma zan bi sahunsu, ɗan ƙasar Ostiriya ne. A 1926 ya fitar da lissafin da har gobe shi ne ƙashin bayan ilimin kwantom, wato reshen fiziks da ke nazarin halayen ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra da ilektron da ƙwayar haske, kuma a 1933 aka ba shi lambar Nobel tare da Paul Dirac na Ingila. A 1935, yana zaune a Oksfod bayan ya baro Jamus, ya yi ta musayar wasiƙu da Albert Einstein, domin su biyun hankalinsu bai kwanta da yadda Niels Bohr da almajiransa na Kofanhegan suke fassara wannan ilimi ba. Einstein ne ma ya kawo masa misalin tulin albarushi wanda, idan aka bi lissafin ido rufe, za a ce ya tashi kuma bai tashi ba. Can wajen ƙarshen shekarar Shirodinga ya buga doguwar maƙala a wata mujallar kimiyya ta Jamus, kuma kyanwar da ta cika duniya ba ta wuce sakin layi ɗaya ba a cikinta.

Cewa ya yi a ƙaddara an sa kyanwa a cikin akwatin ƙarfe, tare da ɗan mitsitsin sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda ƙanƙantarsa ta kai a ce cikin awa ɗaya wataƙila ƙwayar zarra ɗaya daga cikinsa ta rushe, wataƙila kuma babu wadda za ta rushe, yiwuwar biyun daidai wa daida. Idan ta rushe, na'urar Gaiga, wadda ke gano irin wannan tururi, za ta ji, ta saki guduma, guduma ta fasa kwalbar guba, kyanwa ta mutu. Lissafin kwantom yana siffanta ƙwayar zarrar, muddin ba a auna ta ba, da cewa tana cikin gamayyar hali biyu, rusasshiya da wadda ba ta rushe ba. To tun da an ɗaure makomar kyanwa da ta ƙwayar zarra, duk wanda ya ce wannan lissafi shi ne cikakken bayanin abin da ke akwai, ba shi da mafita sai ya ce kyanwar ma tana cikin gamayyar rai da mutuwa. Shirodinga da kansa ya gabatar da misalin a matsayin abin ban dariya. Dabarar da ya yi sananniya ce ga duk wanda ya taɓa zama a zauren malamai yana sauraron muƙabala: ka karɓi maganar abokin jayayyarka kamar ka yarda, ka ja ta har ƙarshenta, ka ajiye shi a inda shi kansa ba zai so tsayawa ba. Tambayar da yake jefa wa Bohr ita ce, a ina dokar ƙananan abubuwa take ƙarewa, ta manya ta fara, kuma mene ne wannan awo da kuke cewa shi ke raba gardama? Masu bidiyo sun bar jaki suna dukan taiki, sun ɗauki abin da mutumin ya kawo domin suka sun mayar da shi abin da ya tabbatar.

Irin wannan aiki shi nake kira gwajin zuci, wato gwajin da ake shiryawa a cikin tunani da sharuɗɗa bayyanannu, a bi shi daki-daki da ƙa'idojin da ake da'awar gaskiyarsu, a ga inda za su kai mutum. Ya bambanta da zancen zuci, wanda ba shi da linzami. Wanda na fi so a cikinsu shi ne na Galileo ɗan Italiya, a littafinsa da aka buga a 1638. Kusan shekaru 2,000 masu ilimi suna riƙe da maganar Aristo, masanin falsafar Girka, cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa. Galileo ya ce to a ɗaure babban dutse da ƙarami da igiya a sako su tare. Bisa maganar Aristo, ƙaramin zai riƙa jan babban baya, saboda haka su biyun za su faɗo a hankali fiye da babban shi kaɗai. Amma kuma bisa maganar Ariston dai, su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, saboda haka dole su riga shi isa ƙasa. Ƙa'ida ɗaya ta ba da amsa biyu masu karo da juna, ta ci kanta da kanta, ba tare da an jefa ko tsakuwa ba. Nakan yi wannan darasi da bulo biyu na ginin da aka bari a bayan ajinmu, kuma ba na sakin su sai ɗalibai sun gama musu. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iskar da za ta tare gashin, suka dira tare.

Kada wani ya ce wannan salo na Turawa ne kaɗai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙaddara mutumin da aka halitta farat ɗaya da cikakken hankali, yana rataye a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, sannan ya tambaya ko wannan mutum zai san cewa akwai shi. Babu wanda ya zargi Ibn Sina da rataye bawan Allah a iska. Malamanmu na fiƙihu ma kullum cikin wannan suke idan suna warware rabon gado, suna cewa a ƙaddara wane ya rasu ya bar wane da wance, suna ƙirƙiro mas'alar da wataƙila ba za ta taɓa aukuwa a garin ba, domin a ga ko ɗalibi ya riƙe ƙa'ida ko hadda kawai ya yi.

Saura ita kanta gamayyar halin, wadda a nan ne ake yawan zamewa, har da mu malamai. Kuskuren farko shi ne a ɗauka rashin sani ake nufi. Idan na ɓoye goro a hannu ɗaya na ce yaro ya canka, goron yana hannun dama ko na hagu tun kafin ya buɗe baki, shi ne dai bai sani ba. Haka mutumin da ya yi tafiya aka daina jin ɗuriyarsa, wanda a mazhabar Malikiyya matarsa za ta kai ƙara wurin alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba: ko yana raye ko ya rasu, ɗaya ne ya tabbata, mu ne labari bai iso mana ba. Da a ce haka ilektron yake, da babu abin rubuta wasiƙa. Abin da ya hana masana tsayawa a wannan fassara mai sauƙi shi ne wani gwaji da aka maimaita ba adadi.

Duk wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi da damina ya ga yadda da'irorin igiyar ruwa suke bazuwa su ratsa juna. Inda tudu ya gamu da tudu ruwan yakan ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari kuwa sai su soke juna, wurin ya kwanta lumui kamar ba a jefa komai ba. A farkon shekarun 1800 Thomas Young na Ingila ya nuna cewa haske ma haka yake yi idan ya bi ta ƙofofi biyu ƙanana, domin abin da ke fitowa a bango layuka ne na haske da duhu a jere. A 1961 Claus Jönsson ya yi irinsa da ilektron a Jamus, a 1989 kuma Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka yi gwaji makamancinsa suna sakin ilektron ɗaya bayan ɗaya, ta yadda babu biyu a hanya a lokaci guda. Kowane ilektron yana sauka a wuri ɗaya tak, ɗigo guda a kan allo, ba a taɓa kama rabinsa ba. Ɗigon farko da na goma da na ɗari kamar an watsa gero, babu tsari. Amma da suka taru dubbai sai layukan nan suka bayyana. Abin lura shi ne wuraren duhun. Akwai wurin da ilektron yake isa idan ƙofa ɗaya ce a buɗe, ko wacce ce daga ciki, amma da zarar an buɗe duka biyun sai ya daina zuwa wurin. Idan da gaske kowane ilektron ta ƙofa ɗaya ya bi, mu ne kawai ba mu san wacce ba, ta yaya ƙarin hanya zai hana shi isa inda yake isa a da? Rashin saninmu ba shi da ikon soke komai a kan allo. Dole hanyoyin biyu su kasance duka sun shiga cikin lissafin ilektron guda, kamar igiyoyin nan biyu na kududdufi.

Kuskure na biyu shi ne a fassara gamayyar da cewa abu yana nan kuma yana can kamar ya rabu gida biyu. Misalin da ya fi yi mini aiki a aji shi ne na alƙibla. Mu a Gombe idan za mu yi salla muna fuskantar gabas ne mai karkata zuwa arewa. Wannan fuska ɗaya ce, tabbatacciya, babu ruɗani a cikinta, kuma mai salla bai kasu biyu ba, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon arewa. Sai dai idan aka ce a siffanta ta da gabas da arewa kawai, dole a ce kashi kaza na wannan, kashi kaza na wancan. Haka halin gamayya yake: hali ne guda cikakke, wanda idan aka rubuta shi da harshen tambayar da za a yi masa, sai ya fito a matsayin haɗin amsoshi biyu, kowacce da nauyinta. Amma kama da wane ba ta wane, kuma nakan gaya wa ɗalibai inda misalin ya gaza. Idan ka tambayi mai salla ko gabas yake kallo ko arewa, zai ce maka tsakani. Ƙwayar haske kuwa, idan ka tare ta da gilashi mai tace haske da ke yi mata irin wannan tambaya, ba ta amsawa da tsakani. Ko ta wuce gaba ɗayanta ko ta tsaya gaba ɗayanta, kuma nauyin kowane kashi ne yake nuna sau nawa za a samu wannan amsa ko waccan idan aka maimaita. Max Born ne ya tsara wannan ƙa'ida ta yiwuwa a 1926.

Ɗakin gwajinmu ba shi da kayan da za a nuna wannan, saboda haka na sayi tabarau biyu masu tace haske a kasuwa na ɓalle gilasansu. Idan na ɗora gilashi ɗaya a kan wani na juya shi har suka gitta juna, sai su yi baƙi ƙirin, ko fitilar waya ba ta ratsa su sosai. Sai in zura na uku a tsakaninsu a karkace, haske ya dawo. Ajin yakan yi tsit, sannan wani daga baya ya ce a sake. An ƙara shamaki amma haske ya ƙaru, domin gilashin tsakiya ya yi wa hasken wata tambayar dabam, ya bar shi cikin sabon hali wanda yake gamayya ne a wurin gilashi na ƙarshe. Gaskiya ta sa in faɗa cewa tsohon ilimin igiyar haske ma yana iya bayyana wannan wasa na tabarau, kuma ba ya zama hujjar kwantom sai an yi shi da ƙwayar haske ɗaiɗai. Duk da haka yana buɗe wa yaro kai fiye da labarin kyanwa.

Maganar cewa tunanin mutum ko kallonsa ne yake yanke wa ƙwayar zarra hukunci, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai a bidiyon, ta samo asali ne daga kalmar mai lura da ake yawan amfani da ita a littattafai. A ɗakin gwaji, idan aka gano ƙofar da ilektron ya bi, layukan nan sukan ɓace, kuma abin da ke kashe su shi ne duk wani abu da ya taɓa ilektron ya tafi da labarin hanyar da ya bi, ko na'ura ce, ko ƙwayar iska, ko ƙwayar haske, ko da babu ɗan Adam a kusa. A 1999 masana a Jami'ar Biyana, a rukunin Anton Zeilinger, sun samu layukan da dunƙulen sinadari mai ƙwayoyin zarra 60 na kabon. A 2004 suka ɗumama irin waɗannan dunƙulaye, masu ƙwayoyi 70, har suka fara fitar da hasken zafi, sai layukan suka riƙa dusashewa gwargwadon ƙaruwar zafin, saboda hasken da suke fitarwa yana tona asirin inda suke. Babu wanda ya canza tunaninsa a ɗakin, zafi kawai aka ƙara. Zuwa 2019 an kai ga dunƙulaye masu ƙwayoyin zarra har kusan 2,000, bayan an sha wahalar zuƙe iska da killace su daga komai. Kyanwa kuwa adadin ƙwayoyin zarrar jikinta ya haura lamba 1 mai sifili 26 a bayanta, ga ɗumin jiki, ga numfashi, ga iskar akwati tana bugun ta ta ko'ina. Tun kafin ƙiftawar ido labarinta ya bazu a cikin akwatin. Wannan bayani, wanda Dieter Zeh ya fara shimfiɗa shi a 1970, Wojciech Zurek kuma ya faɗaɗa daga baya, shi ne dalilin da ya sa ba ma ganin buhun masara a Tudun Hatsi yana nuna halin ilektron.

Ban ce an gama magana ba. Wannan bayani ya nuna dalilin ɓacewar layukan, amma a kan me ya sa ake samun amsa ɗaya tak, tsugune ba ta ƙare ba. Akwai masu bin Bohr da ke cewa aikin lissafin shi ne faɗin abin da awo zai bayar, kada a nemi ƙari. David Bohm a 1952 ya kawo fassarar da ilektron yake da wuri tabbatacce a kowane lokaci, wata igiya tana jagorantarsa. Hugh Everett a 1957 ya ce dukkan amsoshin suna aukuwa a rassa dabam-dabam waɗanda ba sa ganin juna. A gwaje-gwajen da na ambata duka fassarorin suna ba da lambobi iri ɗaya, shi ya sa musun ya daɗe. A nawa ganin, malamin da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya karantar da ita a matsayin abin da kimiyya ta tabbatar ya ci amanar ɗalibansa, balle wanda ya ɗauke ta ya kafa hujjar aljanu ko ta maganin gargajiya da ita. Haka nan na'urorin da ake yawo da su ana cewa na kwantom ne, a damƙa wa mutum ɗan ƙarfe a hannu a karanto masa cututtukan jikinsa a kwamfuta, sunan kawai suka ara.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda gwajin zuci yake komawa na zahiri bayan an ɗauka ba zai yiwu ba. A 1935 ɗin dai Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka ƙaddara ƙwayoyi biyu da suka sarƙe da juna sannan aka raba su nesa, domin su nuna cewa ilimin kwantom yana da giɓi. Kusan shekara 30 ana ɗaukar maganar musun falsafa, har John Bell ya nuna a 1964 cewa ana iya raba gardamar da awo. John Clauser da abokin aikinsa suka yi awon a 1972, Alain Aspect ya inganta shi a 1982, sakamako ya goyi bayan kwantom, kuma a 2022 aka ba Clauser da Aspect da Zeilinger lambar Nobel. Einstein ya sha kaye a wannan musu, amma tambayarsa ce ta haifi fagen da a yau ake gina kwamfutar kwantom da sadarwar sirri a kansa. Ita ma kyanwar ta samu 'yan ƙananan magada, domin a 1996 rukunin David Wineland a Amurka ya sanya ƙwayar zarra guda ta sinadarin beriliyam cikin gamayyar wurare biyu, masana kuma suna kiran irin wannan hali da sunan kyanwar har yau.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan labarin irin wannan ya zo teburinka, a tuntuɓi masu fannin kafin a buga, tunda ga su nan a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Ina kuma kira ga malaman Hausa na waɗannan jami'o'i da su zauna da na fiziks a daidaita mana kalmomi, domin gamayyar hali da gwajin zuci da na yi amfani da su a nan ƙirƙirata ce a bakin allo, kuma zan yi murna idan wani ya kawo waɗanda suka fi su. Ɗalibar nan ta dawo ranar Alhamis ta ce ta yi wa yayanta bayanin Galileo da duwatsunsa, ya ce shi sai ya gani da idonsa, saboda haka ta nemi aron bulo biyu da igiya. Na ba ta, na ce ta tabbatar babu kowa a ƙasa kafin ta saki.

Wassalam.

Naka,
Malamin fiziks,
Unguwar Pantami, Gombe.